Murfin Tankin Barkono

Kowa a layin ya san Kawu da tsumma a kafaɗa. Ba kawun kowa ba ne a wurin. 'Ya'yan Likita ne suka laƙaba masa sunan tun suna ƙanana, sunan ya bi shi har ya danne na yanka. Matarsa ma in ya ɓata mata rai Kawun take ce masa, tana jan ƙarshen kamar za ta tsinke shi. Direba ne. Ya shiga gidan Likita da baƙin gashi da cikakkun haƙora, bai fito ba sai da ya rasa duka biyun. A tsakani ba a taɓa jin ya goga wa motar wani fenti ba, ba a taɓa jin ya makara ba. Amma in ka tambayi mutanen layin me suka sani game da shi, abu ɗaya za su ce maka: ai shi ne wanda ake kulle wa tanki.

Motoci biyu ne a gidan. Akwai babba ta zuwa asibiti da kai yara makaranta, wadda ba wanda ya damu da ita. Akwai kuma Barkono. 'Yar ƙaramar mota ce ja wur, mai kujera biyu da dogon hanci, ga ta ƙasa-ƙasa har sai mutum ya durƙusa kafin ya shiga. Rufinta na tamfol ne, ana naɗe shi baya. Likita ya sayo ta ne a hannun wani tsohon malaminsa lokacin da yake karatu a waje, kuma tun a lokacin ta kwana biyu. Irin motocin nan ne da aka ƙera don gudu kawai. Ba wurin kaya, ba wurin yara, matar gidan ma sau ɗaya ta shiga ta ce iska ta cika mata kunne, ba ta sake ba. Likita ne ke tuƙa ta ranar hutu da yamma, ya zaga gari ya dawo da fara'ar da ba a ganinsa da ita sauran kwanaki.

Sauran makon kuwa na Kawu ne. Shi ke wanke ta, shi ke shafa wa kujerun fatar mai don kada su tsage, shi ke bin wayoyin taya ɗaya bayan ɗaya da tsohon buroshin haƙori. Ya san in ta kwana ba a tayar ba sai an lallashe ta, ya san tarin da take yi in fulogi ya yi datti da wanda take yi don tsiya kawai. Bayan kujerun, a kan ƙugunta, akwai murfin tanki na farin ƙarfe, faɗin tafin hannu. Ka danna ɗan harshensa da babban yatsa, ya buɗe ƙwas. Ba makulli a jikinsa, don waɗanda suka ƙera shi ba su yi tunanin ɓarawo ba.

Auta shi ne namiji tilo a gidan, bayan jerin mata. A wuyan Kawu ya girma. Kawu ne ya koya masa keke, shi ya ɗora shi a cinya ya riƙe sitiyari tun ƙafarsa ba ta kai ƙasa. Da ya shiga jami'a sai ya sayi wani tsohon babur a ɓoye ya ajiye a gidan abokinsa, domin Likita ya gaji da ɗinke kawunan 'yan babur a asibiti, ya rantse ba ɗansa ba hawa babur. Babur kuwa ba ya tafiya da iska.

Wata rana da rana tsaka, Likita yana wurin aiki, Kawu ya shiga gareji ɗaukar bokiti ya tarar da Auta a tsugune gefen Barkono, tiyo a baki, jarka tsakanin ƙafafu. Jin motsi ya sa ya zuƙa da ƙarfi, fetur ya shige masa baki, ya hau tari yana tofarwa.

“Kawu, don girman Allah kada ka gaya wa Baba,” in ji shi da ya samu numfashi. “Ka san halinsa. Wallahi ni zan gaya masa da bakina, ka dai ba ni 'yan kwanaki.”

Kawu ya zare tsumman kafaɗarsa ya miƙa masa. “Goge bakinka. Ba yau ka fara ba ko?”

Auta ya sunkuyar da kai.

“To, ka gaya masa. Je ka kuskure baki kafin ya ƙone ka.”

Iyakar maganar ke nan. Kawu ya rufe murfin, ya goge ɗigon man da ya zuba a fenti, ya ɗauki bokitinsa. Ko kaɗan bai ga abin damuwa ba. Yaro ya ce zai faɗa, ai zai faɗa.

Likita kuwa mutum ne da ya saba auna jinin mutane, ba gejin mota ne zai ɓoye masa abu ba. Ya daɗe yana lura mai na raguwa. Ba mai faɗa ba ne, ba mai zagi ba, kuma wannan shi ne mugun abin. Da ya kira Kawu ya ce masa ɓarawo ido da ido, da Kawu ya samu wurin rantsuwa, ko wurin kuka, ko wurin ajiye aiki. Bai yi haka ba. Sai kawai ya aika ƙasar da aka ƙera motar. Bayan 'yan makonni sai ga wani ɗan kwali ya iso, ya sauko da shi gareji da kansa.

“Kawu, zo ka ɗaura mana wannan.”

Kawu ya buɗe kwalin. Murfin tanki ne sabo fil, mai kyau, ya fi na da nauyi, ga ramin makulli a tsakiyarsa ƙarƙashin wani ɗan marfi mai juyawa. 'Yan makullai biyu suna reto a jikin waya.

“Na da ɗin ya lalace ne, yallaɓai?”

“Bai lalace ba,” in ji Likita, yana duban wani wuri.

A nan Kawu ya gane. Daga falo ana jiyo talabijin da dariyar Auta har cikin gareji. Ya jira dariyar ta tsaya, ya jira takun ƙafa. Ba wanda ya zo.

Murfin bai zauna daidai ba, wuyansa ya ɗan fi bakin tankin kauri. Da wani ne, da ya ɗaura shi a karkace don haushi, ko ya ce ba ya shiga. Kawu bai iya mugun aiki ba, wannan ma wata jarabawa ce. Ya shimfiɗa tsumma a kan fenti don kada ya karce, ya ɗauko magagari ya yi ta gurzawa a hankali yana gwadawa, ya yanko roba daga tsohon tiyub ya yi masa matashi don kada iska ta shiga. Yamma ta yi kafin ya gama. Da ya murɗa makullin ya ji ya kama ƙyat, sai ya miƙa wa Likita duka biyun a tafin hannu. Har a lokacin yana da ɗan zaton za a mayar masa da ɗaya. Likita ya yaba aikin, ya zuba su a aljihu, ya hau sama.

Daga ranar, shan man Barkono ya zama abin kallo. In tanki ya yi ƙasa, sai Likita ya tuƙa Kawu na gefe, ko Kawu ya tuƙa Likita na gefe, su je gidan man da ke bakin titi. Likita ya fito, ya lalubo ɗan makullinsa, ya buɗe, ya tsaya har a gama, ya kulle, ya girgiza murfin ya tabbatar. In ya yi tafiya mai ya ƙare, motar ta zauna har ya dawo. A ƙugun Kawu kuwa akwai makullin ƙofar gida, da na gareji, da na ɗakin ajiya, da na babbar mota. Shi ake ba 'yan matan gidan ya kai makaranta ya ɗauko. An yarda da shi a kan 'ya'ya, ba a yarda da shi a kan jarkar fetur ba, kuma ba wanda ya ga abin mamaki a cikin haka.

Masu zuba mai ba sa rasa ido. Ba a daɗe ba suka gano, suka mayar da shi gaisuwa. “Kawu, yau an ba ka?” Sai ya yi murmushi ya ce, “Tukuna.” Daga gidan mai zancen ya shiga wurin mai shayi, daga nan ya shiga gidaje. Ba wanda ya taɓa ce masa komai kai tsaye. Sai dai maƙwabcin da ke barin masa ajiyar janareta in zai yi tafiya ya daina. Da babban ɗan Kawu ya tasa ya je neman aiki a wannan gidan man, manajan ya dube shi sama da ƙasa ya ce, “Kai ne ɗan Kawu? To mu nan tankinmu ba shi da makulli.” Aka yi dariya. Yaron ya dawo gida bai ci abinci ba, daga baya ya bar garin gaba ɗaya, sai dai waya.

Matar Kawu tela ce, keken ɗinkinta a bakin taga yake, kuma bakinta ya fi almakashinta kaifi. Ita kaɗai ya gaya wa gaskiya.

“Ka buɗe baki ka faɗa, Malam.”

“Yaron ya ce zai faɗa da bakinsa.”

Shekara ta zagayo. “Malam, yaron naka fa ya yi gemu.”

“Yana neman lokacin da ya dace ne. Kin san uban.”

Wasu shekaru suka shuɗe, Auta ya gama karatu, ya samu aiki a wani kamfani, ya yi aure, Kawu ne ma ya tuƙa motar da ta ɗauko matar. “Kawuuu,” in ji telar, ba ta ko ɗago kai daga ɗinki ba, “yaron naka ya haihu. Ko jikan ne zai faɗa?”

Mutum zai so ya ce ƙauna ce ta rufe masa baki, kuma akwai ƙaunar, don har gobe in ya ga Auta yaron nan yake gani mai riƙe sitiyari a cinyarsa. Akwai tsoro ma, don ya san maganar direba ba ta da nauyi in aka ɗora ta gefen ta ɗan gida. Amma babban abin girman kai ne, irin na masu haƙuri, wanda ya fi na kowa tauri. Ba ya son ya roƙi wankewa. So yake a zo har inda yake a ce, Kawu, ba kai ba ne. Wannan kalma ɗaya ita ce duk abin da yake bi a gidan. Ya zauna yana jiran ta, ƙuruciyarsa ta ƙare a jira, kuma abin haushi ne a faɗa, amma har da laifinsa a ciki.

Ana nan, wata safiya yana goge murfin kamar kullum, yana danna tsumma da tafin hannu yana juyawa, sai ya ji abin ya bi hannunsa. Ya nutsa kaɗan, ya juya hagu, ya buɗe. Warin fetur ya daki hancinsa. Ya yi maza ya mayar, ya waiga dama da hagu kamar ɓarawo, shi da bai ɗauki komai ba. Da ya natsu ya sake gwadawa. Ɗan harshen ƙarfen da ke kamawa a ciki ne ya cinye. Makulli zai juya, zai yi ƙyat ɗinsa, in ka ja sama ba zai buɗe ba, amma in ka danna ka murɗa hagu, shi ke nan.

Ya yi tunanin gaya wa Likita, sai ya hango tambayar da za ta biyo: me ya kai hannunka wurin? Ya yi tunanin gyarawa a ɓoye, gyara kuwa ba ya yiwuwa sai da makulli. Sai ya ja bakinsa ya tsuke. Da ya ba matarsa labari, ta yi dariya har ta kifa kai a kan keke, sannan ta ɗago idonta cike da hawaye ta ce ita ba ta ga abin dariya ba.

Shekara da shekaru Kawu yana tsaye a gidan mai yana kallon Likita yana murɗa makullin da ba ya kulle komai, yana girgiza murfi da fuskar wanda ya tsare dukiyarsa. A ransa yana jin wani ɗan daɗi mai ɗaci. Ga tanki a buɗe kullum, ga shi shi kaɗai a gareji daga safe har yamma, ko ɗigo bai taɓa ɓata ba. Ba shi da shaidar da ta fi wannan. Sai dai ba shi da wanda zai nuna wa ita.

Tsufa ya zo wa Likita da shanyewar ɓarin jiki. 'Yan matan suna gidajensu, matarsa ta riga ta rasu, Auta yana da aiki. Kawu ne ke ɗaga shi, shi ke yi masa wanka, shi ke yi masa aski yana riƙe haɓarsa yadda yake riƙe madubin Barkono in zai goge. Ɗan makullin yana aljihun rigar barcin majinyacin, in an canja riga sai ya yi nuni da hannunsa mai lafiya a mayar masa da shi. Barkono tana ƙasa a lulluɓe. Mai ya ƙafe a cikinta, Kawu kuwa bai fasa goge ta ba.

Wata ranar hutu da hantsi Auta ya zo duba uban. Yana tsaye bakin ƙofa da waya a hannu, Kawu yana gyara matashin kai. Likita ya kamo hannun Kawu ya riƙe. Bakinsa a karkace, magana na fita da ƙyar.

“Kawu... ka yi mini... abin da ɗa bai yi ba.” Ya huta. “Maganar man nan... ta da. Na yafe maka. Kada ka... tafi da ita a rai.”

Kawu bai dubi Likita ba, sai ya dubi Auta. Ya dube shi sosai, yadda bai taɓa duban ɗan gidan ba. Auta ya sauke ido a kan wayarsa, yatsansa ya ci gaba da tafiya a kan gilashin.

“Na gode, yallaɓai,” in ji Kawu. Ya gyara masa bargo ya fita da kwanon ruwa.

Likita bai ƙara wata ba. Ya tafi yana ganin ya yi aikin alheri na ƙarshe.

Bayan an share makoki, magada suka yanke shawarar sayar da Barkono. Akwai masu tara irin waɗannan tsofaffin motoci, suna bin su gari-gari, kuma wani ya ji labarinta. Auta ya buga wa Kawu waya ya ce ya zo ya gyara ta, yana kuma son ganinsa. Wannan “ina son ganinka” ita Kawu ya riƙe. Ya sa rigarsa mai kyau, ya zaɓi sabon tsumma.

“Yanzu da uban ba ya nan, ba abin da zai ji tsoro,” ya ce wa matarsa.

“Allah ya sa,” in ji ta, zare a baki. Ba ta tsokane shi ba, wannan ya fi tsokanar damunsa.

Ya wuni a kanta. Ya sa batir, ya wanke fulogi, ya naɗe rufin baya, ya goge ta har mutum na ganin fuskarsa a ƙofa. Mai sayen ya iso da la'asar, wani dattijo mai tabarau da sanyin murya, da 'yar tocila a aljihun gaba. Ya zagaya motar a hankali bai taɓa ta ba tukuna, abin da ya sa Kawu ya ji ya kwanta masa. Ya leƙa ƙarƙashi, ya shinshina kujera, ya ce wanda ya riƙe motar nan ya san abin da yake yi. Auta ya ce ai Baba ba ya wasa da ita. Sannan baƙon ya tsaya a kan murfin.

“Wannan ba nata ba ne na asali. Amma na zamanin ne, mai kyau kuwa. Ba a cika samun masu makulli ba yanzu.”

“A, wannan yana da tarihi,” in ji Auta. Ya zama mutum mai tumbi da furfura a gefen kunne, ya iya zance da baƙi. “Baba ne ya aika aka kawo. Lokacin mai yana ta ɓata a tanki. Ka san direbobi.” Ya dafa kafaɗar Kawu yana dariya. “Tsohon nan da ka gani, da ƙuruciya hannunsa yana ɗan ƙaiƙayi. Amma ya wuce, mutumin kirki ne. Har Baba ya yafe masa kafin ya rasu.”

Baƙon ya yi murmushin da ake yi don kada a kunyata mai magana. Kawu yana tsaye, hannun Auta a kafaɗarsa, a kan tsumman. Bai ji fushi ba a lokacin.

Mai sayen ya ce yana so ya haska cikin tankin ya ga ko tsatsa ta kama. Auta ya ciro ɗan makullin ya zura. Ya ƙi juyawa, don tun da Likita ya kwanta ba a taɓa ramin ba, ya daskare. Ya murɗa, ya jijjiga, ya yi tsaki, ya sa ƙarfi. Makullin ya karye a ciki, kan ya rage a yatsunsa. Ya ciro na biyun, ba wurin shiga. Gumi ya keto masa. Ya juya ya ɗauko babbar sukundireba a kan teburin gareji, ya kafa bakinta a ƙarƙashin leɓen murfin, gindinta a kan jan fentin.

Kawu ya san abin da zai biyo baya in ya matsa. Ya sani sarai, ba wauta ce ta ja shi ba. Amma wurin nan da gindin ƙarfen ya dafa, shi ne inda ya shimfiɗa tsumma ranar da ya ɗaura murfin, kuma tun daga ranar ko ƙwarzane bai taɓa samu ba. Ya ga fentin ya fara lotsawa.

“Dakata, yallaɓai.”

Ya ture sukundirebar gefe, ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin, ya danna, ya murɗa hagu. Murfin ya buɗe ba gardama.

Sai Auta ya fashe da dariya, har da dukan cinya. “Ka gani? Ba na gaya maka ba? Ashe duk shekarun nan Baba wahalar banza yake yi. Kawu, Kawu, ba ka da dama.”

Baƙon ma ya dara, wannan karon da gaske. Ya haska tocilarsa ya ce tankin tsaf yake. Da Kawu ya matso zai rufe, sai dattijon ya ɗan ja jakarsa daga kan bonet ya rataya a kafaɗa. A hankali ya yi, cikin ladabi, wataƙila shi kansa bai san ya yi ba.

Aka zuba mata mai daga jarka, ta yi tarinta na tsiya sau biyu ta tashi. Aka ɗora ta a bayan wata motar ɗaukar kaya da mai sayen ya kawo, aka ɗaure tayoyin. Kawu ya bi ta da ido har ta sha kwana. A daɓen gareji sai sawun tayoyi huɗu da ɗan tabon baƙin mai.

Auta yana shirin shiga motarsa Kawu ya tsaya a gabansa.

“Ka ce za ka gaya masa da bakinka.”

Da Auta ya ce wace magana, da ya nuna ya manta, da da sauƙi. Bai manta ba. Fuskarsa ta nuna, idonsa ya kauce zuwa kusurwar da ya taɓa tsugunawa. Ya shafa ƙeya.

“Haba Kawu. Wanda za a gaya wa ai ya tafi. Yanzu me za ta ƙara maka?” Ya laluba aljihu, ya ciro makulli na biyun, ya kama hannun Kawu ya danƙa masa. “Riƙe wannan, ka ajiye don tunawa. Ka ga dai an ba ka a ƙarshe.”

“Na gode, yallaɓai.”

“Yallaɓai kuma? Ni ne fa, Auta.”

Kawu ya kwance makullan ƙugunsa, na ƙofa da na gareji da na ɗakin ajiya, ya ɗora su a kan bonet ɗin motar Auta. Ya fita da ƙafa. A gidan mai wani sabon yaro da ya gaji gaisuwar bai san asalinta ba ya ɗaga masa hannu ya ce, “Kawu, yau an ba ka?” Kawu ya ce, “An ba ni,” ya wuce.

Matarsa tana bakin taga tana ɗinki. Ta tsayar da keke ta dube shi.

“Ya faɗa?”

Ya buɗe hannu ya ajiye ɗan makullin a gefen almakashinta. Ya riƙe shi da ƙarfi a hanya har ya yi masa shaida a tafi.

“Na mene ne wannan?”

“Na tankin.”

“Motar fa?”

“Ta tafi.”

Ta daɗe tana kallon makullin. Sannan ta tashi ta zare tsumman daga kafaɗarsa, ta ninke shi, ta ce, “Zauna, Malam, in kawo maka ruwa.”